Hannu a Kafaɗa

Anti na tsugune a banɗakin yara, tana matse wandon wata 'yar shekara shida a ƙarƙashin famfo, sai ƙararrawa ta tashi. Ba irin ta fita tara ba ce, mai buga uku ta yi shiru. Doguwar ce, mai kuka ɗaya ba numfashi, wadda ake gwadawa sau ɗaya a zango bayan an sanar da kowa tun kwana biyu. Yau ba a sanar da kowa ba.

"Anti, gobara ce?" in ji mai wandon, tana jan gefen rigarta ƙasa.

"Gwaji ne," Anti ta ce, don abin da ake gaya wa yara ke nan.

Ta ɗaga kai, ta 'yar tagar sama ta hango hayaƙi baƙi wuluk yana fitowa daga ƙarƙashin rufin dogon ginin da ajinsu yake. Wandon ya suɓuce mata ya faɗa kwatami. Minti uku da suka wuce ta bar Barewa, wata yarinyar ajinsu, zaune a kan tabarma, a cikin ginin nan.

Aikin Anti a aji biyu ba koyarwa ba ne. Malama ke koyarwa. Ita nata shi ne duk abin da zai hana koyarwar: mai cizo, mai kuka, mai cusa fensir a kunnen na kusa da shi, mai shigewa ƙarƙashin tebur ya ƙi fitowa. Shekara goma sha ɗaya tana wannan aiki ba ta da takardar shaida ko ɗaya, amma daga yadda yaro ya riƙe rula tana iya gane cewa saura minti biyu a yi faɗa. A duk shekarun nan Barewa kaɗai ta gagare ta.

Yara ne suka laƙaba mata sunan. 'Yar shekara bakwai ce, siririya, ba ta duka, ba ta zagi. Gudu kawai take yi. Ƙofa ta buga, ta tashi. An ɗaga murya, ta tashi. Ƙararrawa kuwa, kafin a gama bugun farko ta kai bakin get. A gwajin gobara na zangon farko ta sulale ta ƙarƙashin hannun Baba Maigadi ta faɗa titi, wata motar yashi ta ci burki har tayoyinta suka bar baƙin zane a kwalta. Uwar ta zo ofis ta yi kuka. Shugabar makaranta ta ce ko dai a gyara yarinyar, ko a nema mata wata makarantar.

Aka kawo ƙwararriya. Dakta kowa yake ce mata, ko da yake ba wanda ya taɓa tambayar ko daktar mene ce. Ta zo da jaka mai taya da takardu kala-kala, ta sa aka kwashe tsofaffin littattafai daga ɗan siton da ke bayan aji, aka shimfiɗa wata 'yar tabarmar roba, shuɗiya, mai da'ira, a kusurwar da ta fi nisa da taga, don kada abin da ke waje ya ɗauke wa yarinya hankali. Ta raɗa wa siton suna ɗakin natsuwa. Ƙa'idar guda ɗaya ce tak: da zarar ƙafar Barewa ta fara rawa, Anti ta kai ta ta zaunar a tabarma, kuma ba za ta tashi ba sai Anti ta ɗora mata hannu a kafaɗa.

"Me ya sa sai hannu?" Anti ta tambaya a ranar. "Ba sai in kira ta ba?"

"Murya kowa na da ita," in ji Dakta. "Yaran nan kafin mako sun kwaikwayi taki. Hannu kuwa naki ne ke kaɗai."

Aka fara da daƙiƙa goma. Aka kai minti ɗaya, aka kai biyar. Daga nan aka shiga matakin da Dakta ta fi tinƙaho da shi, wato jarrabawa. A sa Baba Maigadi ya zagayo ta bayan taga ya ce ta zo ta ga 'ya'yan kyanwa. A sa Malama ta leƙo ta ce mamanta ta zo ɗaukarta. A sa Anti da kanta ta tsaya a bakin ƙofa ta kira ta, da lallashi, da tsawa, har da kukan ƙarya. In ta tashi, a koma farko. In ta zauna, a tafa mata a ba ta alewa. A ƙarshe suka riƙa zuwa ranar da babu karatu suna kunna mata doguwar ƙararrawa, sau biyar, sau goma, har ta kai tana jin ta tana duban farcenta.

Bayan wata biyar aka ce an yi nasara. Dakta ta ɗauki hoton tabarmar ta tafi da shi taro. Ba wanda ya tsaya ya tambaya me aka ƙera ƙararrawar gobara ta sa mutum ya yi, in ba ya tashi ya fita ba. Tambayar ta taɓa zuwa wa Anti, wata safiya tana toshe da kunnuwa da yatsu, amma ta haɗiye ta. Mai jaka mai taya ta yi karatu, ita ba ta yi ba. Kuma maganar gaskiya ita ma ta gaji da bin yarinya da gudu, gwiwoyinta shaida ne.

Ta suri mai wandon haka nan ba wando, ta fito fili. Yara sun cika filin wasa layi-layi, kowane aji a gurbinsa, wasu na kuka, wasu na tsalle don murnar an fasa darasi. Ta dire yarinyar a layin aji biyu, idonta na bin kawuna. Malama na rungume da rajista.

"Mun cika," in ji Malama. "Talatin da ɗaya, da biyun da ke wurinki."

"Ɗaya ce a wurina."

"Barewa fa?"

"Tana kan tabarma."

"A'a. A'a, na ɗauka kin fita da ita. Ai kullum tana gindinki." Malama ta waiga tana duban ginin. "Na duba ƙarƙashin tebura, na duba bayan allo, na rufe ƙofa kamar yadda aka ce a yi..."

"Siton fa?"

Malama ta ƙara rungume rajistar. "Ban ji motsi ba," ta ce.

Kowane aji a ginin ƙofa biyu gare shi. Ɗaya tana buɗewa cikin doguwar barandar da ta ratsa tsakiyar ginin. Ɗayar ta ƙarfe ce mai fita fili, ba ta da mariƙi ta waje, sai dai a tura wani sandan ƙarfe daga ciki. An yi ta haka don kada baƙo ya shigo wa yara. Ta nan Malama ta fitar da ajinta, ta mayar ta rufe ruf, don an koya musu cewa buɗaɗɗiyar ƙofa iska take ba wuta.

Anti ta isa ƙofar ƙarfen ta laluba gefenta da farce. Ko wurin sa allura babu. Ta daka ta da tafin hannu sau uku, ta juya ta nufi babbar ƙofar gini. Shugaba na tsaye a wurin da usur a wuya, ta tare ta da hannu biyu.

"Ina za ki? Ba mai komawa!"

"Akwai yarinya a ciki, ranki ya daɗe."

"An ce min kowa ya cika."

"An yi kuskure. Sake ni."

"Ke, dubi can!" Shugaba ta juya ta da ƙarfi. Daga ɗakin kwamfuta wutar ta taso, ta bi ta cikin silin. Barandar ba a ganin ƙarshenta, kuma Anti na kallo wani falle na silin ya ɓallo yana ci, ya faɗo daidai gaban ƙofar aji ɗaya. Aji biyu na gaba da shi. "An kira 'yan kwana-kwana, suna hanya. Ba zan ƙara gawa a kan..." Ta kama bakinta.

Kalmar ta riga ta fito. Anti ta fizge hannunta ta zagaya bayan ginin da gudu, takalminta ɗaya ya fita ba ta tsaya ba. Ta ji takun Baba Maigadi a bayanta, yana haki, sandarsa na buga ƙasa.

Tagar siton ƙarama ce, daidai ƙirjin babba, da ƙarafa biyar a tsaye da gilasai a jere. Baba ya sa sanda ya farfasa gilasan. Suka kafa fuskokinsu a tsakanin ƙarafa.

Tana nan. Ta tanƙwashe ƙafafu a tsakiyar shuɗiyar da'irar, bayanta a miƙe, hannayenta a kan gwiwoyi. Ƙofar siton a buɗe take kaɗan, kuma ta saman ta hayaƙi ke shigowa a hankali, yana kwanciya a ƙarƙashin silin kamar ana shimfiɗa bargo. Ta wannan 'yar kafar ana hango cikin aji, kujeru a ture, jakunkuna a ƙasa, da gefen ƙofar ƙarfen can. Taku goma sha huɗu ne na yaro daga bakin sito zuwa wurin. Anti ta sani, don tare suka sha ƙirgawa.

"Jikata!" Baba ya ƙwala. "Tashi, wuta ce! Tashi ki je ki tura ƙofa!"

Barewa ta juyo da ido kawai, ba ta juyo da jiki ba. Ta ɗan yi murmushi.

"Babu kyanwa, Baba. Na sani."

"Wace kyanwa? Wuta na ce! Innalillahi. Ke, yi mata magana!"

"Barewa," Anti ta ce. "Ni ce. Tashi."

Yarinyar ta dube ta, ta ɗan karkato kafaɗarta ta dama, yadda take yi kullum in lokaci ya cika.

"Ba zan iya shigowa ba, an rufe ƙofa. Tashi kawai, na yarda. Na ba ki izini."

Amma ba ta tashi ba. Ƙararrawa na ta kuka.

"Na ce ki tashi! Ba kya ji ne? Tashi!" Muryarta ta tsage. Ta girgiza ƙarafan, hawaye na zubo mata, tana jin kanta tana faɗin kalmomin da ta sha faɗa a bakin ƙofar siton nan, da wannan muryar, da wannan kukan. Har yaba mata Dakta ta taɓa yi, ta ce da ta shiga wasan kwaikwayo da ta yi suna. "Wallahi ba jarrabawa ba ce. Wallahi tallahi."

"Haka kika ce ran nan," in ji Barewa.

Haka ta ce, kuwa. A takardar Dakta ma an rubuta a ce haka, a mataki na tara.

Anti ta zura hannu tsakanin ƙarafa har kafaɗa, kumatunta manne da ƙarfe, tana miƙa yatsu. Tsakaninta da yarinyar ya fi tsawon hannu biyu. Ta karɓi sandar Baba ta zura, ta ɗora bakinta a kafaɗar yarinyar a hankali.

"Ga shi, na taɓa ki."

Barewa ta kalli sandar. Ta yi tari. "Sanda ce."

"Wannan wace irin masifa muka koya wa 'yar mutane?" in ji Baba. Bai jira amsa ba. "Bari in ɗauko diga in gwada ƙofar."

Ya tafi. Hayaƙin ya sauko har ya rufe saman katakon da ake jera littattafai. Wani wari ya shigo, na roba mai ƙonewa, mai kama maƙogwaro. Can a cikin gini wani abu ya fashe, kamar an saki tire cike da kofuna. Sai bugun diga a ƙofar ƙarfe ya fara, kowane bugu sai jikin yarinyar ya zabura. A nan Anti ta lura da hannayen Barewa. Ba ɗora su ta yi a gwiwa ba, danne gwiwoyin take yi, har yatsunta sun nutse a fata. Ƙafafun na rawa a ƙarƙashinta kamar ba nata ba.

"Anti," ta ce, muryarta 'yar ƙarama. "Ƙafata na son tafiya. Na riƙe ta."

"Sake ta, 'yata. Don Allah sake ta."

"In na tashi za a koma farko."

"Ba za a koma ba."

"Za a kore ni. Mama za ta yi kuka a ofis."

Wa ya gaya mata wannan? Ba wanda ya gaya mata. A gabanta aka yi maganar, tana zaune a benci, manya suna ɗauka ƙaramin yaro ba ya tsintar abin da ake faɗa sama da kansa.

Anti ta jingina goshi da ƙarfe. Ya fara ɗumi. Ta rufe ido, ta ja numfashi ta hanci ta ƙirga huɗu, kamar yadda take sa yara su yi. A shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa cin yaro da ihu ba. Wanda ya shige ƙarƙashin tebur ya ƙi fitowa, ba ta taɓa jan ƙafarsa ba. Takan ɗage teburin ne ta mayar gefe, ya tsinci kansa a fili ba tare da ya karya maganarsa ba.

Ta share fuska da gefen mayafi. Ta sauke murya zuwa irin ta kullum, ta safiyar Litinin.

"Madalla. Kin yi daidai. Kada ki tashi."

Yarinyar ta ɗago.

"Kin ci wannan. Yanzu sabon mataki za mu shiga, ba a taɓa yinsa ba. Ki kama gefen tabarma da hannu biyu, nan da nan. Ki ja gindi ki taho da ita wurina. Amma fa kada ki sauka daga kanta. In kika sauka kin faɗi."

"Dakta ce ta ce?"

"Dakta ce ta ce."

Barewa ta yi nazarin maganar, idanunta sun yi ja suna zubar da ruwa. Anti ta danne harshe da haƙori don kada ta ce yi sauri. Sai yarinyar ta saki gwiwoyinta, ta kama gefen tabarmar, ta ja.

Roba ba ta son zamewa a siminti. Ta motsa kamar faɗin tafin hannu ta tsaya, ta naɗe ta gaba.

"Ɗaga jiki kaɗan ki ja. Yawwa. Ɗaya. Sake. Biyu. Kai, wannan yarinya akwai ƙarfi. Uku."

Ƙwan fitilar siton ya fashe, gutsattsarin suka watsu a inda tabarmar take ɗazu. Barewa ta ƙanƙame idanu, ta saki ƙara, amma ba ta sauka ba.

"Ba ruwanki da shi. Ni za ki kalla. Huɗu."

Kusurwar silin da ke kan ƙofa ta fara canja launi, daga fari zuwa ruwan ƙasa, tana kumbura. Anti ta gani, ta ɗauke ido. Biyar. Shida. Bakwai. Tari ya sarƙe yarinyar ta tsaya, kanta a sunkuye, kuma na tsawon abin da Anti ta ji kamar shekara ba ta motsa ba.

"Barewa? Barewa! Bakwai muke. Waye ya taɓa tsayawa a bakwai?"

Ta ja. Takwas. Tara. A goma sha ɗaya ta iso gindin bango, ƙarƙashin taga, ta ɓace wa ido. Anti ta yi ɗage, ta tura hannu ƙasa ta kan dakalin tagar, inda ragowar gilashi ke tsaye kamar haƙora. Ta ji yana yanka ta daga gwiwar hannu zuwa hamata, bai dame ta ba. Yatsunta suka taɓa gashi. Suka taɓa kunne.

"Ɗago kafaɗa. Ƙara. Ƙara kaɗan."

Yatsanta na tsakiya ya sauka a kan ƙashin kafaɗa, siriri, yana rawa. Ta danna.

"Tashi. Gudu! Ƙofar ƙarfe, ki tura sandan, gudu!"

Kan yarinyar ya bayyana a taga. Ta miƙe, ta gyara rigarta. Ta sunkuya ta ɗauki tabarmar.

"Bar ta! Bar tabarmar!"

Ta kai ta ta rataye a ƙusarta, don haka ake yi in an gama. Sannan ta mayar da hannaye baya, ta nufi ƙofa taku ɗaya bayan ɗaya, diddige kafin yatsu.

"Gudu na ce! Yi gudu!"

"Ba a gudu a aji," in ji Barewa, ba ta waiwayo ba. Hayaƙin ya haɗiye ta.

Anti ba ta san yadda ta zagayo ginin ba. Ta tarar da Baba ya lotsa ƙofar a wuri biyu, ko gezau ba ta yi ba, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf.

"Tsaya! Tsaya, tana zuwa, za ka firgita ta. Ja baya, waje take buɗewa."

Ya sauke digar. Suka tsaya. Ƙararrawar ta yi wata irin shaƙewa ta mutu, wutar ta cinye wayarta, kuma shirun da ya biyo baya ya fi kukan muni. Ana jin wutar kanta yanzu, tana huci. Anti ta fara ƙirgawa a fili. Ta kai goma sha huɗu. Ƙofa ba ta motsa ba. Ta ce ai akwai kujeru a hanya, akwai jakunkuna, sai ta kewaye su. Ashirin. Hayaƙi na tsiyayowa ta ƙasan ƙofar yana lasar ƙafarta marar takalmi. Ashirin da biyar. Baba na karanta addu'a yana sarƙewa yana komawa farko. Talatin. Ta durƙusa ta kafa baki a jikin ƙarfen.

"Nan nake. Bi muryata. Nan, nan, nan."

Ta ci gaba da faɗin kalmar har ta daina jin ma'anarta. A cikin kanta tana ganin yarinyar tsaye a tsakiyar aji, ta rasa gabas, hannaye a baya, tana jiran a gaya mata abin da za ta yi.

Wani abu ya yi ƙas daga ciki. Ya sake yi. Sandan ya yi wa yarinya nauyi. A karo na uku ƙofar ta buɗe faɗin yatsu biyu, Baba ya cusa bakin diga ya banƙare ta. Hayaƙi ya tunkuɗo su baya, kuma daga cikinsa Barewa ta fito, ƙarƙashin hancinta baƙi, tana tari kamar ƙirjinta zai tsage, tana tafiya a hankali.

Anti ta sure ta ta ruga. Ita ce ta yi gudun.

Motar kashe gobara ta iso bayan rufin aji biyu ya rufta. Motar asibiti ta biyo ta. Wata nas ta zaunar da Barewa a kan matakalar bayan motar, ta ce mata ta zauna nan, ta sa mata robar numfashi a fuska, sannan ta juya tana naɗe hannun Anti da bandeji tana faɗan wane irin ganganci ne wannan. Iyaye suka cika get, kowa na kiran sunan nasa.

Uwar Barewa ta iso da rigar wurin aikinta, ɗankwali a hannu. Ta faɗa kan 'yarta tana shafa kai, tana shafa ƙafafu, tana ƙirga yatsu. Shugaba ta matso, ta riga ta samo muryarta ta taro.

"Ba a rasa kowa ba, alhamdulillahi. Kuma ki yi alfahari da 'yarki. Ba ta firgita ba, ba ta yi gudu ba, ta fito cikin natsuwa. Wannan shi ne amfanin horo."

Uwar ta kama lafiyayyen hannun Anti da hannu biyu. "Allah ya saka miki, 'yar'uwa. Ke kika gyara min ita. Da a da ne, da yanzu a ƙarƙashin mota za a ciro ta."

"Da a da ne," in ji Anti, "da ita ce farkon fita."

Shugaba ta harare ta. Uwar ba ta ji ba, ko ta ji ba ta gane ba. Ta riga ta juya wurin nas tana tambayar ko za a kwantar da yarinyar.

"Sai an duba ƙirjinta a can," in ji nas. "Taso, 'yan mata, hau ciki ki kwanta a gado."

Barewa ba ta motsa ba.

"Taso mana," uwar ta ce. "Taso mu tafi, ga ni, tare za mu."

Ta saman robar numfashin idanun yarinyar suka wuce uwarta, suka wuce nas, suka tsaya a kan Anti. Ta karkato kafaɗarta ta dama.

"Au, ke take jira," in ji Shugaba. "Taɓa ta su tafi."

Anti ta dubi hannunta. Ta zauna a ƙasa, a gaban matakalar, yadda fuskarta za ta yi daidai da ta yarinyar, ta cusa hannayen biyu a tsakanin cinyoyinta ta matse.

"Ba zan taɓa ki ba," ta ce. "Mamanki na kira. In kina son tashi, ki tashi."

"Baiwar Allah, muna da wasu marasa lafiyan fa," in ji nas.

"Ki ɗauke ta, to. Ko uwarta ta ɗauke ta. Ni dai na gama."

Ba wanda ya ɗauke ta. Suka tsaya cirko-cirko, direba ya leƙo ta madubi, ruwan 'yan kwana-kwana na gangarowa ta ƙarƙashin motar, baƙi, ɗauke da gutsattsarin takardu. Barewa ta ƙara karkato kafaɗar, ta ɗan matso da ita gaba, ko Anti ba ta gani ba ne.

Anti ta gani. Ta ƙara matse hannayenta har jini ya ɓullo ta cikin bandejin, ta kafa ido a kan gwiwoyin yarinyar, tana jira su yi rawa.